In Inna ta gaza, wa zai riƙe shi? Shirya wa nakasasshe masauki da kulawa mai ɗorewa a Yamai

A gidaje da yawa na Yamai, daga Bukoki zuwa Talaje, daga Lazare zuwa Harobanda, akwai babban mutum mai shekara 30 ko 40 wanda har yau mahaifiyarsa ce ke yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta juya shi da tsakar dare. Ita kuwa ta haura 65, gwiwa ta fara ƙi, ido ya yi hazo, hawan jini ya shigo. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da nakasa, kuma kulawarsu ta yau da gobe a cikin gida ake yin ta, galibi a hannun mata. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a kansu a watan Disamba na 2019. Wannan abin dogaro ne wajen neman haƙƙi, amma kada iyali su zauna jiran wani gidan gwamnati da zai karɓi ɗansu ranar da tsohuwa ta kwanta.

In aka tambayi dangi, amsar ɗaya ce: "Ai ƴan uwansa na nan." Wannan fata ce, ba shiri ba ne. Shiri shi ne a san sunan mutumin da zai riƙe shi, ɗakin da zai kwana, kuɗin wata da inda za su fito, da takardar da ta tabbatar da duk wannan. Kuma a gwada shirin tun Inna na da ƙarfin gyara wa mutane kuskure. Tun ran gini ran zane.

Fitar da abin da ke kan Inna

Duk ilimin kula da shi yana kan mutum ɗaya, ba a rubuce ba. A sayi babban littafi mai kwali, a sa wani mai karatu a gidan ya bi ta har kwana bakwai, dare da rana, yana rubuta abin da take yi da lokacin da take yin sa. Kada a tsaya ga tambayarta kawai, don abin da hannu ya saba baki ba ya tuna shi. Sai an tsaya a kanta za a ga tana taɓa kunu da bayan hannu kafin ta ba shi, tana cusa ƙaramin matashi tsakanin gwiwoyinsa, ko ta gane fitsari yake ji daga yadda yake jan gefen zane.

A shafin farko a rubuta sunan lalurar kamar yadda likita ya faɗa, sunan kowane magani da ƙarfinsa a miligiram da sa'ar shansa, abin da jikinsa ba ya ɗauka, asibitin da ke bin sa, da lambobin waya uku. Sauran shafuka su ɗauki ci da sha, bayan gida, barci, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi. Idan ba ya magana, a ware shafi guda ga alamunsa: wane sauti ne yunwa, wanne ne ciwo. A ɗauki hoton shafukan da waya, a tura wa mutum biyu ta WhatsApp, don littafi yana ɓata, ruwa ma yana cinye shi.

A makon nan kuma a duba ita kanta mai kulawar. A kai ta CSI, wato asibitin unguwa, a auna hawan jini da sukari, a duba idonta. Yanar ido aiki ne da ake yi a warke, kuma tsohuwar da ba ta ganin rubutun kwalin magani tana iya ba da ƙwaya biyu a maimakon ɗaya. Idan ta taɓa faɗuwa tare da shi, ko tana fashin wanka don ba ta iya ɗaga shi, ko ta fara mance ko ta ba da maganin safe, to lokacin miƙa aiki ya riga ya yi.

Taron dangi

A kira taro musamman domin wannan magana, ba a gefen biki ko suna ba. Waɗanda ke Abijan, Libiya ko Kano a sa su ta waya. A gayyato dattijo ɗaya daga waje, kawu ko liman ko mai unguwa, wanda za a ji nauyinsa. Shi kuma wanda ake taron dominsa ya zauna a ciki. Gurgu ko makaho mai cikakken hankali shi ke da magana ta farko a kan inda zai zauna. Mai raunin fahimta ma yana da wanda yake sakin jiki da shi da wanda yake gudu, kuma wannan shaida ce da ya kamata a ɗauka da muhimmanci.

Akwai wani hukunci da ya kamata a faɗa a fili a wurin. A mazhabar Malikiyya, ciyar da ɗan da ya balaga da nakasar da ta hana shi nema wajibi ne a kan ubansa, amma ba a tilasta wa wa ko ƙane ciyar da ɗan uwansa. Abin da za su yi zumunci ne da neman lada. Don haka ne ake buƙatar kowa ya furta abin da ya ɗauka da bakinsa, a gaban shaidu, a rubuta.

Abu uku ake fitarwa daga taron: mai riƙo na farko, mai maye masa idan ya yi tafiya ko ya kwanta, da mai riƙe kuɗi. Inda aka fi yin kuskure shi ne Yaya ya ce "na ɗauka" alhali da safe zai fita kasuwa, matarsa ce za ta yi wanki da ɗauka da kwashe kashi, kuma ba a tambaye ta ba. Riƙon da aka ɗora wa mace ba da yardarta ba, ƙarshensa gori ne, ko a bar mutum cikin fitsari har yamma. A tambaye ta ita kaɗai, a ji abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, a kuma sa mata wani abu a wata. Ga babban namiji, wanka da tsarki sun fi dacewa da hannun namiji, mace kuma hannun mace. A tsara wannan tun yanzu. Kuma kada a cire yarinya daga lakwal don ta zama mai jinya. An gyara matsalar yau ke nan da rayuwar wata.

Wasu kan ce a yi masa aure, ko a aurar da ita, a huta. Nakasassu da yawa suna aure lafiya, haƙƙinsu ne. Amma auren da aka ƙulla don a samu mai jinya kyauta, ba tare da an faɗa wa ɗaya ɓangaren gaskiyar aikin ba, yakan mutu, mutum ya dawo gida lokacin da iyayen sun ƙara tsufa.

Ina zai zauna

Mafi sauƙi ga jikinsa da hankalinsa shi ne ya ci gaba da zama inda ya saba, mai riƙon ne zai matso. Maƙwabta sun san shi, mai shago ya san shi, idan ya fita ya ɓata akwai mai maido shi. Idan dole ne ya koma gidan ɗan uwa, a duba abu huɗu kafin a yanke. Gidan na haya ne ko na kai, don mai gidan haya yana iya hana fasa ƙofa, yana kuma iya ba da notis. Mota tana iya isa bakin ƙofa da damina? Nawa ne nisan CSI da kantin magani? Sannan ruwa yana shiga unguwar? Ambaliyar 2020 ta nuna abin da kogi ke yi wa Lamorde, Saga da Kirkisoy, kuma wanda ba ya tafiya da ƙafarsa ba a fitar da shi cikin minti biyar da dare.

Iyalai da yawa ƴan asalin Adar ne, sai tunani ya tafi ga mayar da shi ƙauye wajen Tawa, inda hannu ya fi yawa kuma hatsi ya fi araha. Ga wanda ba ya shan magani kullum kuma ya san mutanen can, wannan na iya yin kyau. Ga mai farfaɗiya, mai taɓin hankali ko mai robar fitsari, a fara tabbatar da yadda magani zai riƙa isa kowane wata, da wanda zai kai shi asibitin Tawa ko na Galmi idan ta ɓaci. A kuma tuna cewa bayan girbi samari kan tafi cin rani, gida ya koma na tsofaffi da mata da yara.

Gyaran ɗaki da makewayi

Nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki, nan ne kuma magini ke ɓata abu idan ba a ba shi awo ba. A riƙe ma'auni a hannu.

Ɗakin ya zama a ƙasa, kusa da makewayi, inda ana jin kiransa daga tsakar gida. Kada a kai shi ɗakin ƙarshe na bayan gida, don wanda ba a gani mantawa ake yi da shi. Faɗin ƙofa santimita 90. 80 shi ne ƙarshen abin da keken guragu zai shiga ba tare da ya goge yatsun mai tura kansa ba. A fasa dokin ƙofa ya yi daidai da ƙasa. Idan saboda ruwan sama aka ɗaga shi, a yi masa gangara ciki da waje. Ƙofar ɗaki da ta makewayi su riƙa buɗewa waje, da sakatar da ake iya zarewa daga waje, saboda idan mutum ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta. A tsakar ɗaki a bar fili mita ɗaya da rabi kowane gefe, wurin juya keke.

Gangara ita ce aka fi lalatawa. Ƙa'idarta, kowane santimita ɗaya na tsayi yana son aƙalla santimita 12 na tsawo. Dandamali mai tsayin santimita 30 yana son gangara mai mita 3 da santimita 60. Idan tsohuwa ce za ta tura, ko shi zai tura kansa, a ja ta ta kai santimita 20 ga kowane ɗaya in akwai fili. Magini zai so ya gama ta cikin mita ɗaya don ya rage siminti. Irin wannan ce ke kifar da keke ta baya. Faɗinta mita ɗaya da santimita 20, da ɗan baki mai tsayin santimita 5 zuwa 10 a gefe biyu don taya kada ta zame, da fili shimfiɗaɗɗe a sama inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. Kwaɓi: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa, kauri santimita 10. Kafin ya bushe a ja tsintsiya a kai ta gicciye don ya yi kaushi, a yi ta yayyafa masa ruwa har kwana bakwai, in ba haka ba zafin Yamai zai tsattsage shi. Kada a shimfiɗa karo mai santsi irin na falo a gangara ko a makewayi.

Tsugunno a bakin salga shi ne abu na farko da ke gagarar nakasasshe, shi ke kuma karya bayan mai riƙe shi. A sa mai walda ya ƙera kujera mai rami a tsakiya, tsayinta santimita 45 zuwa 50, daidai da mazaunin keke, a goge bakin ramin sumul, a shafa fenti don tsatsa. Ita ce za a ɗora bisa ramin da rana, da dare a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashinta kusa da gado. Ƙarfen dafawa a yi shi da bututun ruwa mai kaurin santimita 3 zuwa 4, a tsayin santimita 75 zuwa 80. Idan bangon na laka ne, kada a kafa shi a jiki, zai tumɓuke ranar da aka dogara da shi da dukan nauyi. A haƙa ƙasa, a dasa ƙafafunsa cikin kankare. Wanka kuma a zaune, kan kujera mai majingina, da tiyo ko buta babba.

Gado ya yi tsayi ɗaya da keke, katifa a haɗe. Kwanciya a ƙasa tana da sanyi, amma ɗaga babban mutum daga tabarma sau huɗu a yini shi ke gama da ƙugun tsohuwa. Kafinta ya yanko katako mai tsawon santimita 70, faɗi 25, kauri 2, ya goge shi ya rage kaifin bakinsa. A danne birkin keke, a sa kan katakon ɗaya a gado ɗaya a keke, mutum ya zame a kai maimakon a ɗauke shi cak. A bar hanya a gefe biyu na gadon, a rataya gidan sauro.

Ga makaho, gyaran ya fi sauƙi: igiya a tsayin ƙugu daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi, a rufe rijiya da ramin ruwan wanka, kuma kowa ya daina sauya wa kaya wuri. Ga mai farfaɗiya, murhu da randa buɗaɗɗiya su ne haɗari. Kada ya yi girki ko wanka a kulle shi kaɗai.

Abubuwan da ke kashewa a ɓoye

Gyambon kwanciya yana iya farawa cikin ƴan sa'o'i, ya ɗauki watanni bai warke ba. Wanda ba ya iya juya kansa a juya shi duk bayan sa'a biyu; wanda ke kan keke ya ɗaga ko ya karkata jiki duk bayan minti 15 zuwa 30. Kowace safiya a duba ƙasan baya, ƙashin ƙugu, mazaunai, diddige da idon sawu. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, don haka a nemi wurin da ya fi sauran duhu ko sheƙi, ko ya yi zafi ko tauri in an taɓa. In an gani, kada a murza, kada a barbaɗa toka ko garin ƙwayar magani; a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, idan fata ta buɗe a kai wa majo, wato malamin asibiti. Katifar soso mai tauri, kaurin santimita 12 zuwa 15, ta fi tabarma nesa ba kusa ba. Ledar kare fitsari a sa ta ƙarƙashin zanen auduga, don leda a jikin fata gumi take tarawa. A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya. Gaɓoɓin da ba sa motsi kuma a miƙe su a lanƙwasa a hankali kullum, kafin su ƙage. Masu kine, wato ma'aikatan motsa gaɓoɓi, na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai suna nuna yadda ake yi, can kuma akwai sashen ƙera ƙafar roba da takalman gyara. A tafi da sabon mai riƙon, ya koya da hannunsa.

Mai wahalar haɗiya a zaunar da shi tsaye sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya gare shi. Bayan ci ya zauna minti 30. Sabon hannu yakan yi sauri, ya ɗura a kwance, abinci ya bi hanyar iska, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso. Tari ko sauyin murya lokacin ci alama ce ta a dakata.

Maganin farfaɗiya, ko fenobarbital ne ko karbamazefin ko wani, ba a yanke shi kwatsam. Yankewar na iya kawo faɗuwa a jere mai kisa. A riƙa ajiye na wata guda a gaba, a sayo sabo tun na hannu bai ƙare ba, daga kantin magani na gaskiya, ba na tebur ba. A ajiye shi a wuri mafi sanyi na ɗaki, nesa da kwanon rufi. Idan farfaɗiya ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, kuma miyansa ba ya sa wa kowa ciwon. Ta wuce minti biyar, sai asibiti. Mai taɓin hankali da ya fara gagara bayan Inna ta gaza, mari da sarƙa ba magani ba ne. Sau da yawa maganinsa ne aka yi fashi. A mayar da shi sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40 kusan kullum, wuta kuma tana ɗaukewa. Wanda lakar bayansa ta samu rauni ba ya gumi yadda ya kamata, wasu magungunan taɓin hankali ma suna rage wa jiki jure zafi, wanda ba ya magana kuwa ba zai ce ƙishirwa yake ji ba. A auna masa ruwan yini a gora, lita biyu zuwa uku in dai likita bai taƙaita ba saboda zuciya ko ƙoda, a ga ta ƙare kafin dare. Fitsari mai duhu alamar ƙarancin ruwa ne. A shimfiɗa zana bisa kwanon ɗakinsa ko a yi masa silin, a samu fanka mai aiki da sola. Idan jiki ya yi zafi rau kuma ya fara ruɗewa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kira lambar motar asibiti ta gaggawa, 15, ko ta ƴan kwana-kwana, 18.

Miƙa aiki tun tana gani

Shirin da ba a gwada ba, ba a san ko yana aiki ba. Makonni biyu na farko sabon mai riƙo ya tsaya yana kallo. Sannan ya karɓi aiki ɗaya, a ce wankan safe, Inna na zaune tana gyara masa. Bayan wata ya karɓi yini guda a mako, daga baya ya haɗa da kwana. Cikin wata shida a kai ga Inna ta yi tafiyar mako ɗaya wajen dangi. Duk abin da ya lalace a makon nan, shi ne da zai lalace bayan ranta, sai a gyara shi yanzu.

Za ta ƙi. Za ta ce, "Ba ya cin abincin kowa sai nawa," kuma da gaskiyarta, shekara 30 ke nan. Kada a ƙwace mata aikin da ƙarfi. A ce mata, "Inna, ke za ki koya mana, mu ɗauke miki ɗagawa da tashin dare." A bar mata ciyarwa da hira da sa ido. Idan ƙaura za a yi, a fara da wuni, sannan kwana ɗaya, kuma ya tafi da katifarsa, kofinsa da rediyonsa.

Idan za a ɗauki mai aiki da albashi, ya bi wannan hanya ta koyo, a kuma riƙa shigowa ba sanarwa. Mace mai raunin fahimta tana cikin haɗarin masu lalata, kuma sau da yawa na kusa ne. Sabon tsoron wani mutum, rauni a jiki ba dalili, ko ɗaukewar al'ada, ba abin rufewa don kunya ba ne. A kai ta asibiti, a kai magana ga hukuma.

Kuɗi, takardu da gado

A rubuta duk abin da aka kashe masa wata guda cur: magani, ƙunzugu, sabulu, abinci, kuɗin taksi zuwa asibiti, ladan mai aiki. A ce ya kama jika 60, ƴan uwa huɗu ne. Ba dole a raba daidai ba, kuma wanda ke ba da jikinsa kullum bai kamata a nemi kuɗi wurinsa ba. A sa rana ɗaya a wata, na nesa su turo ta NITA ko Al Izza zuwa ga mai riƙe kuɗi, wanda ba shi ne mai riƙon ba, kowane kashewa a rubuce. Wannan rabuwar tana kare su biyun daga zargi. A gefe a tara ajiyar wata uku da ba a taɓawa sai rashin lafiya. Karo-karo yakan yi sanyi bayan shekara ɗaya ko biyu, don haka abin da ya fi ɗorewa shi ne kadara mai kawo kuɗi da kanta, kamar ɗakin haya ko shago.

Manyan nakasassu da yawa ba su da takardar haihuwa, don ba su taɓa shiga lakwal ba. A nemo ta, ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, tun iyaye na raye suna iya ba da shaida, sannan katin ɗan ƙasa da takardar likita mai bayyana nakasar. A asibiti a nemi ofishin taimakon jama'a, a meri kuma, wato ofishin magajin gari, a tambayi takardar shaidar rashin ƙarfi. Tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH, tana Yamai, kuma ita ta fi sanin rangwamen da doka ta tanada da ƙofar da ake bi. Idan Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne a je asusun fanshonsu, CARENI, idan na kamfani ne a je nasu asusun, CNSS, shi da kansa, a tambayi abin da zai rage wa iyali bayan ransa da takardun da za a nema.

Nakasa ba ta rage wa mutum ko dala daga gadonsa. Matsalar ita ce a sayar da gida don a raba, rabonsa ya zama kuɗi a hannun wani, shekara biyu babu kuɗin babu ɗakin. Iyaye da yawa suna ganin sun magance wannan da cewa, "In na mutu ɗakin nan nasa ne." Wannan wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda, kuma yardar da suka bayar tun uba na da lafiya suna iya janye ta.

Hanyoyin da suka fi ƙarfi a lokacin rai ake bin su. Akwai kyauta, amma sharaɗinta karɓa: idan mai bayarwa ya rasu ko ya shiga ciwon ajali kafin abin ya fita hannunsa, ta ɓaci. Uba yana iya karɓa a madadin ɗansa marar iya tasarrufi, a gaban shaidu, sai dai ban da gidan da shi uban yake zaune a ciki, sai in ya fita daga cikinsa. Saboda haka shago, ɗakin haya ko wani fili dabam sun fi sauƙin kyautarwa. Akwai kuma ba shi amfanin ɗaki iya tsawon ransa, bayan rasuwarsa ya koma ga magada, wannan kuwa ƴan uwa sun fi saurin amincewa da shi. Akwai hubusi, inda ake tsare kadarar ba a sayarwa, amfaninta na tafiya gare shi. A zauna da malamin da ya san rabon gado, a yi maganar fifita ɗa ɗaya saboda lalura a gaban sauran ƴaƴan, sannan a kai wa notar, mai rubuta yarjejeniya bisa doka, ya rubuta, a gyara takardar filin. Uba kuma ya naɗa wasiyyi a rubuce ga ɗan da ba ya iya riƙe dukiyarsa. Mai cikakken hankali ba ya buƙatar wasiyyi, dukiyarsa a hannunsa take.

Ranar da abin ya zo

A manna takarda ɗaya a bangon ɗakinsa: magunguna da sa'o'insu, lambar mai riƙo da ta mai maye masa, inda littafin yake. Wanda kan fita ya ɓata a ɗinka masa lambar waya a cikin riga.

Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, ko aka yi rasuwa, hankalin kowa yana wani wuri, a nan ne ake tsallake magani kwana uku. Tun yanzu a sa mutum ɗaya wanda a ranar ba shi da aikin tarbar baƙi ko dafa abinci, shi kaɗai zai kula. Kada a ba masu zaman makoki ɗakinsa, kada kuma a ɗauke shi zuwa sabon gida cikin makon. A faɗa masa gaskiya da kalmomin da zai gane. "Ta yi tafiya" yana sa mutum ya yi watanni yana kallon ƙofa. A bar shi ya karɓi gaisuwa kamar sauran ƴaƴa. Ƙin abinci, fitsarin kwance ko faɗa a makonnin da ke biye, baƙin ciki ne, amma a duba zazzaɓi da gyambo kafin a ce haka.

Idan Baba ne ya riga rasuwa, Inna za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, fitarta ta ragu, kuɗin fansho kuma kan ɗauki lokaci kafin a daidaita takardunsa. Ajiyar wata ukun nan ita za ta riƙe gidan, kuma a san tun yau wanda zai riƙa sayo magani da kai shi ganin likita a tsawon wannan lokaci.